Babban tobo ko intakula: wanne za ka fara sa ma tsohuwar motarka a zafin Kebbi?

Jama'a wagga tambaya ta yi yawa a garejojin Birnin Kebbi da Jega, mutum na da tsohuwar mota mai shan gas, Hilux ce ko L200 ko 406 irin ta Beljiyam, ta fara nauyin jiki, in ya ɗora mata lodi ya taka totur sai hayaƙi ba tafiya, sai wani ya ce mishi ai babban tobo za ka nema, wani kuma ya ce a'a intakula ce maganin abin. Ga kuɗin ba su kai a yi duka biyun lokaci guda ba. To ni in ka tambaye ni, a ƙasar da ake kai digiri 42 a watan Afrilu, intakula ce gaba, tobo ya biyo baya, kuma ko ya biyo ɗin ba lalle sai babba ba. Amma akwai motar da wannan shawarar ba ta yi mata ba, shi ya sa zan baje abin kowa ya duba tashi.

Aikin tobo dai sananne ne, hayaƙin da ke fita salansa shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma tana haɗe da wata fankar a ɗaya gefen wadda ke cusa iska cikin injin da ƙarfi. Iska ta yi yawa, sai a samu damar ƙona mai da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Abin da mutane ba su cika kulawa da shi ba shi ne duk iskar da anka matse sai ta yi zafi, ba don tobon na kusa da salansa ba kawai, matsin kanshi shi ke kawo zafin. Ku yi lissafin da ni. In iskar waje tana digiri 40, tobo ya matse ta zuwa ba 1 ("ba" ma'aunin matsin iska ne, wato bar), to za ta fito mishi tana wajen digiri 135 zuwa 140. A Jamus ko Faransa, in iskar waje tana digiri 20, wannan tobon dai za ya fitar da ita wajen 110. Kun ga tun ba a je ko'ina ba an ci mu da kusan digiri 25 zuwa 30. Ita kuma iska mai zafi buɗewa take yi, kamar ka auna gero da ƙaiƙayinshi ne, mudu ya cika fal amma tsabar ciki kaɗan ce. Geji na nuna maka ba 1, injin kuwa abin da ya samu bai kai ba.

Nan ne intakula ke shigowa. Kamar ƙaramin lagireto take amma iska ke bi ta cikinta ba ruwa ba. Mai kyau matsakaiciya za ta iya sauko da waccan iskar daga 138 zuwa wajen 70, kuma da wannan kaɗai nauyin iskar da ke shiga silinda ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, ba ka taɓa tobo ba, ba ka ƙara matsi ba. Zafin cikin injin ya ragu, na hayaƙin salansa ma ya ragu, tof silinda ya samu sauƙi.

Kamfanonin da kansu sun nuna mana haka. Peugeot 406 HDi iri biyu ce da anka fi sani, mai ƙarfin doki 90 da mai doki 110, duka lita 2.0 ne, kuma babban bambancin da ido ke gani in ka buɗe bonat shi ne ta 90 ba ta da intakula, ta 110 tana da ita. Haka Hilux mai injin 2KD lita 2.5, wadda ba intakula doki 102 ce, da sunka sa mata intakula sunka gyara man ta koma 120, sai daga baya da sunka canza tobon zuwa mai fukafukai masu motsi ta kai 144. Ku lura da jerin da Toyota ta bi, sanyaya iska tukuna, sannan tobo. Injiniyoyin da ke da ɗakin gwaji da kuɗi haka sunka yi, to ni ban ga dalilin da mu za mu fara ta wutsiya ba.

Sai dai kar in yaudare ku, intakula ita kaɗai ba za ta maida motarka jirgi ba. In ka sa ta ba ka ƙara mai ba, abin da za ka ji shi ne motar ta daina mutuwar jiki da rana tsaka, yadda take ja da asuba haka za ta ja da azahar, baƙin hayaƙi ya ragu, allurar zafi ta zauna wuri guda in kana hawan tudu da lodi. Wanda ke son ya taka ya ji an manna shi da kujera, wannan ba za ta ba shi abin da yake so ba. Amma ɗan kasuwar da ke ɗauko albasa daga Aliero ko shanshera daga Suru da Argungu, abin da yake nema ke nan.

Ita ma intakular kala-kala ce, kuma nan ne ake yawan asarar kuɗi. Akwai ta saman injin, wadda ake yi ma huda a bonat, irin ta Hilux D-4D da L200 da Pajero na da. Akwai ta gaba wadda ake sakawa bayan bamba gaban lagireto. Akwai 'yar ƙarama ta gefe irin ta Passat da Golf, can ƙasa kusa da taya. Sai kuma mai ruwa.

Ta sama amfaninta bututunta gajere ne, tobo na hurawa injin na samu nan take, dutse ba ya samunta, laka ba ta samunta, kuma ba ta tare ma lagireto iska. Illarta tana zaune bisa injin mai zafi. In kana gudu a titin Jega zuwa Koko iska na shiga ta hudar bonat lafiya lau, amma ka shiga cunkoson kasuwa ko ka faɗa rairayi kana tafiya da giya ɗaya, ba iskar da ke shiga, zafin injin ya taso ya dafa ta, sai ta koma tana ɗumama iskar maimakon sanyaya ta. Maganin wannan mai arha ne, a sa mata 'yar fankar lantarki a ƙasa, a kuma tabbata robar da ke haɗa ta da hudar bonat ba ta yage ba, don in robar nan ta lalace iska gefe take bi. Motoci da yawa da na gani ana cewa intakularsu ta yi kaɗan, robar ce babu ita gaba ɗaya.

Ta gaba ta fi sanyi nesa ba kusa ba, ita ke fara cin iskar hanya. Ita ce samari ke so don tana kyau ta cikin bamba. Amma a nan yankin namu sai an yi hattara da ita, saboda duk zafin da ta cire ma iskar tobo, lagireto take watsa ma shi, ga kwandansan AC a tsakani, sai ka ga an jera abu uku iska ɗaya ke ratsa su. In lagiretonka tsoho ne ya toshe rabi, ko fankar ta yi laushi, ranar da ka sa katuwar intakula gaba ranar za ka fara ganin allura na hawa. Kuma injin 4D56 na L200 da 2L-T na tsohuwar Hilux duk wanda ya san su ya san ba su yafe zafi, tof ɗinsu tsagewa yake. Saboda haka in ta gaba za ka sa, kuɗin wanke lagireto ko sabo na cikin lissafi, kar ka raba su. Sannan ga yankan ƙarfe da falbita za ya yi, ga bututu mai tsawo da mahaɗai da yawa, kowace mahaɗa wurin yoyon iska ce. Ga ƙaiƙayin shinkafa lokacin casa da ƙurar hunturu da ke cika 'yan tsagoginta, ga laka da damina in kana shiga fadama. Mai motar da ba ya wanke gabanta da ruwa akai-akai, bayan wata kaɗan ya koma inda ya fito.

Kuma girma ba shi ne ba. Intakular da ta yi ma injin yawa tana sa jinkiri, sai tobo ya cika ta tukuna kafin injin ya ji. Ta babbar mota da wasu ke yankowa su manna ma a-kori-kura, ni ban yarda da ita ba, musamman in mai walda ya yi tankunan gefen da kusurwa huɗu iska na karo da bango. Ta fuskar ƙira kuwa iri biyu ne, mai siraran bututu marar nauyi irin wadda kamfani ke sawa, da mai kauri wadda anka jera faranti-faranti. Mai kaurin ta fi jure dutse da matsi, tana da nauyi, kuma ta fi tare iskar lagireto. Mai siraran ta fi barin iska ta wuce baya. In matsinka bai wuce na kamfani da yawa ba, ta Beljiyam ta asali da anka ciro daga irin motarka mai ƙarfin sama ta fi min sabuwa marar suna. A dai toshe bakinta a hura iska a tsoma ta ruwa a gani ko tana kumfa kafin ka biya, ko a Kofar Ruwa ta Kano ka saye ta ko a Panteka ta Kaduna.

Mai ruwa ba zan daɗe kanta ba. Tana aiki, amma tana son famfon lantarki da nata ƙaramin lagireton da tanki, abu uku da za su iya lalacewa tsakanin Zuru da Ribah inda ba riwaya. A bar ma masu wasan mota.

To mu zo kan tobo. Kafin maganar babba ko ƙarami, tambayar farko ita ce naka na yanzu lafiya yake? Motar da ta yi shekara 20 tana shan ƙurar nan, sau da yawa ba ƙaramin tobo ke damunta ba, gajiyayye ne. A cire tiyon gaba a duba fankar, in bakin fukafukanta ya cinye ya yi kamar an goga da fayil, ƙura ce ta ci shi, kuma laifin iya kilina ne, wato matatar iska, ko tiyon da ya tsage bayanta. A kama sandar tsakiya a motsa, ɗan motsi gefe da gefe kaɗan ba komai tunda bisa mai take yawo, amma in tana shiga tana fita, ko fankar na gogar jikin gidan, ya gama. Wanda ke tuƙa irin wannan in ya sa lafiyayyen tobo daidai girman na da, sai ya rantse an canza mishi injin.

Nan zaɓi uku ne ke gabanka. Ko ka sayi na Beljiyam, ko ka canza cikin kawai wato katirij a bar gidajen, ko ka sayi sabo dungurungum. Na Beljiyam na asali ne, Garrett ko KKK ko Mitsubishi ko na Toyota kanta, ƙarfenshi mai kyau, amma ba ka san tafiyar da ya yi ba, sa'a ce. Katirij ya fi arha kuma in mai kyau ne ya wadatar, matsalar ita ce sandar nan tana juyi sama da sau 150,000 a minti guda, in ba a daidaita nauyinta a na'ura ba tun daga masana'anta, za ka ji tana kuka kamar jiniya, ba ta daɗewa. Duk katirij ɗin da ba takardar balansin a kwalinshi ni ina tsoronshi. Sabo na asali shi ne kwanciyar hankali amma kuɗinshi wani lokaci ya kusa na rabin injin, sabo marar suna kuwa wani ya yi shekaru wani ya yi wata biyu, ba mai iya faɗa maka daga kallo.

Shi kuma babban tobo, ga gaskiyar abin. Yana ba da iska mai yawa a saman juyi, amma yana son hayaƙi mai yawa kafin ya farka. Ƙaramin na kamfani tun injin na wajen juyi 1,600 a minti ya fara turawa, babban sai ka kai 2,500 ko sama kafin ya ce wani abu. Yanzu ka tambayi kanka a ina kake tuƙi. A-kori-kura mai buhu ashirin da za ta taso daga gona ta hau kwalta, rayuwarta duka tsakanin 1,500 da 2,500 take. Ka sa mata babban tobo, daidai inda take buƙatar ƙarfi nan ka kwashe shi, ka kai shi can sama inda ba ta zuwa. Sai direba ya dinga ƙona kuloci don ya tashi, ga baƙin hayaƙi kafin tobon ya kama. Mutum ya kashe kuɗi ya sayo ma kanshi wahala. Wanda babban tobo ya yi ma rana shi ne mai ƙaramar mota ba lodi, mai doguwar tafiya a kwalta, Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ko Yauri zuwa Kontagora, mai son in ya fito wuce tirela ya wuce nan take. Ko shi ɗin ma, hanyoyinmu da ramukansu da shanu da 'yan kabu-kabu, ina za ka kai gudun?

Tsakanin biyun akwai wanda ake haɗawa, gidan tobon na asali ne amma an faɗaɗa cikin an sa fankar iska da ta ɗan fi girma. Yana zama a mazauninshi ba yanka ba walda, bututun mai ma nashi ne, jinkirinshi kaɗan ne. In dole sai ka ƙara girma, wannan ya fi hankali. Sai kuma mai fukafukai masu motsi da ake kira VNT, irin na Golf da Sharan TDI masu doki 110 da Hilux 1KD. Shi ya haɗa biyun, yana tashi da wuri kuma yana da numfashi a sama. Amma ba ya shiri da gas marar kyau da yawon cikin gari, toka ke taruwa ta riƙe fukafukan, sai mota ta yanke ƙarfi kana tsakiyar wuce wata, sai ka kashe ka tayar ta dawo. Kuma maida motar da ba da shi ta zo ba zuwa VNT aiki ne na birenbos, wato kwamfutar mota, da wayarin, ba na sufana da guduma ba. In ta zo da shi, a wanke a gyara a bar ta da shi. In ba ta zo da shi ba, mai westget ɗin nan na gargajiya, wato 'yar ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi in matsi ya kai, ya fi dacewa da inda muke.

Abin da ke haɗa duka maganar shi ne mai. A injin gas, iska ba ta ƙara ƙarfi ita kaɗai, man da anka ƙara ne ke yi, iskar tana ba da damar ƙona shi ne da tsabta. Tsofaffin injina masu famfon injekta na hannu, irin 4D56 da AAZ na Golf 3, akwai sukurin da mai gyaran famfo ke juyawa. Nan ake ɓarna, don juyi kaɗan mota ta yi ƙarfi mai ita ya ji daɗi ya ƙara ma yaro na goro, bai san zafin hayaƙin ya haura ba. Alminiyon da ake fistin da shi yana narkewa tun ƙasa da digiri 660, abin da ke ceton fistin shi ne mai da ruwa na kwashe zafin, shi ya sa masu injin gas ke ƙoƙarin kar hayaƙin da ke fita ya zauna sama da 700 na tsawon lokaci. Allurar zafin da ke dashbod ba ta ganin wannan, ruwa take aunawa, kafin ta motsa aikin gama ya gama. Don haka duk wanda za ya taɓa famfo ya sa gejin zafin salansa da gejin matsin iska, kuɗinsu bai kai na fistin ɗaya da ringi da gasket ba. Baƙin hayaƙi kuwa ba alamar ƙarfi ba ne, gas ɗinka ne ke fita bai ƙone ba, da tsadar da yake yi yanzu.

Masu D-4D da HDi da TDI na lantarki su ba sukuri, sai an shiga birenbos da kwamfuta an canza lissafin. In ka sa babban tobo ba ka yi wannan ba, ko dai motar ta ƙi amfani da iskar, ko ta ga matsi ya wuce abin da ta sani ta yanke wuta. Kuma a nemi wanda ya san aikin, ba mai sauke fayil daga intanet ya loda ma kowace mota iri ɗaya ba, don lissafin da anka yi ma sanyin Turai da gas ɗinsu ba shi ne namu ba. A kuma ce ya ajiye maka na asalin.

Masu fetur fa, irin Passat da Audi A4 masu injin 1.8T? Su lamarinsu ya fi tsauri. Wannan injin da ƙaramin tobo K03 ya zo, doki 150, kuma K04 na zama a wurinshi, in an gyara birenbos yana haura 200. A takarda abin sha'awa. Amma injin fetur in iska ta yi zafi man na fashewa kafin lokacinshi, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan ke fasa fistin. Fetur ɗinmu wajen lamba 91 yake a ma'aunin jure matsi (oktan), motar kuwa 95 anka yi ta don shi. Birenbos na jin ƙarar sai ya ja wuta baya don ya ceci injin, shi ya sa take laushi da rana. To a nan intakula ba zaɓi ba ce ma, wajibi ce, 'yar ta gefen nan ba ta isa K04 a watan Afrilu ba. Kuma wannan injin an san shi da daskarewar mai a ƙasa har ya toshe rariyar famfon mai, a sauke sam, wato kaskon mai na ƙasan injin, a wanke kafin a sa mishi kowane sabon tobo, in ba haka ba yunwar mai za ta kashe shi cikin sati.

Akwai kuma masu Hilux da Hiace mai injin 5L, wanda bai zo da tobo ba sam, suna tambaya ko a ɗaura mishi. Ana yi, amma ku sani matsin silindarshi 22 ne da ɗoriya, na 2KD kuwa wajen 18.5, kuma injinan da kamfani ya yi don tobo fistin ɗinsu da sanyayawarsu daban ne. Masu yi da hankali ba su barin matsin iskar ya wuce rabin ba ɗaya, kuma da intakula da geji. In ka haɗa kuɗin tobo da manifol da bututun mai da salansa da aikin famfo, sai ka ga ka doshi kuɗin injin Beljiyam da ya zo da tobonshi. Shi 5L darajarshi ita ce ba ya mutuwa kuma kowane bakanike a Kamba ko Dakingari ya iya shi, ni da zan bar shi yadda Allah ya yi shi in haƙura da saurin.

Kowanne ka zaɓa, akwai abin da ba a tsallakewa. A auna kwamfireshan tukuna, ko aƙalla a buɗe murfin mai injin na aiki a ga irin hayaƙin da ke busowa, injin da ringinshi ya tafi in ka ƙara mishi matsi ka gaggauta mishi ne kawai. A duba nozul. In tsohon tobo ya zubar da mai, to man na kwance cikin intakula da tiyo, dole a wanke su tas a shanya, saboda injin gas na iya jan wannan man ya ƙona shi ya yi ta hawa da kanshi, ka cire makulli bai mutu ba har sai ya buga. A canza bututun da ke kai ma tobo mai ko a wanke shi sosai, a zuba mai a bakin tobon a juya da hannu kafin a tayar. Juyen mai kowane kilomita 5,000 da 15W-40 na gas na gaskiya ba na jarka ba, iya kilina ta asali, kuma in ka dawo doguwar tafiya ka bar ta minti ɗaya ko biyu tana silo kafin ka kashe. Kuloci ma ka sa shi a rai, tsohon faranti da ke riƙe doki 100 da ƙyar ba za ya riƙe 130 ba, birki da tayu haka.

To wa za ya sayi mi? Mai L200 ko Hilux ta lodi wadda ba intakula, ko 406 HDi mai 90, intakula tukuna, tobon kamfani lafiyayye, ƙarin mai kaɗan da geji a gabanka. Mai wadda ta zo da ta sama, ka gyara roba ka sa fanka ka gwada wata guda kafin ka yi tunanin ta gaba. Mai tobon da ya gaji, ka maida irinshi, ko wanda anka faɗaɗa in intakularka da kulocinka sun shirya. Babban tobo kuwa sai wanda ke da kuɗin intakula da birenbos da kuloci da lagireto a hannu lokaci guda, kuma motar ba ita ke ciyar da gida ba. Ka kuma tuna ranar sayarwa, dillalai na buɗe bonat su ga bututu masu ƙyalli da yankakken bamba sai su ce an taɓa ta, farashi ya faɗi, don haka tsofaffin kayan da ka cire ka adana su a kwali.

In an gama aikin kar a gwada ta da safe ba lodi a ce ta yi. A ɗora mata abin da ta saba ɗauka, a fita da ƙarfe biyu na rana, a samu tudu mai tsawo irin na wajen Zuru, a riƙe ta a giya huɗu ana kallon gejin salansa da allurar ruwa da madubi don hayaƙi. In gejin ya doshi 700 bai tsaya ba, a koma gareji a rage man.